Malam-buɗe-littafin dare da ya koma baƙi a Manchester: aikin hayaƙi ne ko na tsuntsu?

Aminu S.
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga hotuna biyu nan na ɗora. Na farkon malam-buɗe-littafin dare ne, fari mai yayyafin baƙi a fukafukai. Na biyun baƙi ƙirin, in ban da 'yan ɗigon fari kusa da kafaɗa. Wanda ya turo mini ya ce duk jinsi ɗaya ne, Biston betularia, wai hayaƙin masana'antun Ingila, irin na Manchester da Liverpool, ne ya mayar da farin baƙi. Ni dai abin bai shige ni ba. Hayaƙin ne ya rina shi ko yaya? In rini ne ai ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke shi.

Malama Hauwa
Wa alaikumus salam Aminu. Ba rini ba ne, da baƙinsa yake fitowa. Ka ɗauki baƙar mace ka kai ta dajin da bai taɓa ganin hayaƙi ba, ta yi ƙwai a can, kimanin rabin 'ya'yanta ko fiye baƙaƙe za su fito. Gado ne, kuma gado mai rinjaye: ko daga uwa kaɗai ya samo shi, ko daga uba kaɗai, baƙin ne zai bayyana a jikinsa.

Amma kafin a shiga rigimar launi, bari ka san ƙwaron kansa. Ɗan dajin ƙasashen sanyi ne, yana kuma shiga lambuna da shingayen gonaki. Faɗinsa in ya buɗe fukafukai wajen santimita 5 ne, wani ya ɗara kaɗan. A Birtaniya sau ɗaya yake hayayyafa a shekara. Manyan suna fitowa daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta, su yi shawagi da dare, da rana su lafe a jikin itace, fukafukai a shimfiɗe, ko motsi babu. Macen ba ta cika yawo ba, ƙamshi take saki cikin iska, namijin ya biyo shi da ƙahonninsa masu gashi-gashi har ya same ta. Tana iya zuba ƙwai wajen 2,000, ta cusa su cikin tsagin ɓawon itace. Tsutsar ta ci ganye har zuwa kaka, ta sauko ta shige ƙasa, ta dunƙule cikin ɓawo mai tauri, a nan hunturu zai wuce ta kanta. Abin riƙewa a nan shi ne wannan zaman na rana. Duk tsawon yini yana fili, ba ya cizo, ba ya harbi, ba shi da dafi. Makaminsa ɗaya ne, kada a gan shi.

Musa Dogo
Manchester da Liverpool har a harkar ƙwari ma suna ciki? Na ɗauka a fili kawai suke fafatawa.

Dakta Bashir
Suna ciki dumu-dumu Musa, kuma a nan ma Manchester ce ta fara cin ƙwallo. A 1848 wani mai tara ƙwari, R. S. Edleston, ya kama baƙin a garin. A lokacin abin mamaki ne, masu tarawa na rububinsa. Kafin 1895 kuwa kashi 98 cikin 100 na waɗanda ake kamawa a Manchester baƙaƙe ne. Ku lissafa, shekara 47 ke nan, ga ƙwaron da zuriya ɗaya yake yi a shekara.

Abin da ya faru da itatuwan garin a tsakanin nan biyu ne. Gubar farar wuta da ke cikin hayaƙin kwal ta kashe gansakukar nan fara-fara da ke manne wa ɓawon itace, sannan kunkunniya ta lulluɓe ɓawon ya yi baƙi. Farin da a da yake sajewa ya zama ana hango shi daga nesa, baƙin kuma ya samu mafaka. Masanin ƙwari J. W. Tutt ne ya faɗi haka tun 1896, ya ce tsuntsaye ne ke tsince wanda suka fi gani. A 1924 masanin gadon halittu J. B. S. Haldane ya zauna ya yi lissafi, ya ce kafin a samu irin wannan saurin sai baƙin ya fi farin barin zuriya da kusan rabi. Mutane da yawa a lokacin suka ce adadin ya yi yawa.

Aminu S.
To Dakta, ke nan hayaƙin bai taɓa ƙwaron ba, itacen ya taɓa?

Dakta Bashir
Haka ne. Hayaƙi ya sauya shimfiɗa, tsuntsu ya yi zaɓe.

Baba Lawal
Dakta, ka yi haƙuri zan ja da kai. Wannan labarin tun muna makaranta ake ba mu shi, da hoton nan na ƙwari biyu a gindin itace. Daga baya ya fito fili cewa matattu ne aka manna su aka ɗauki hoto. Shi kuma mutumin da ya yi gwajin, Kettlewell, an ce da rana tsaka yake sakinsu, ya jera su da yawa a itace guda, tsuntsaye suka gane an buɗe musu wurin kalaci. An kuma ce ƙwaron ma ba a gindin itace yake kwana ba. To in tushe ya ruɓe, me za a ɗora a kai?

Zainab M.
Baba ya taɓo inda ni ma yake min ƙaiƙayi. Muna saurare.

Dakta Bashir
Baba, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarka ba ni da ja a kanta. Hotunan da yawa shirya su aka yi, gaskiya ne. An yi su ne don a nuna wa ɗalibi yadda launi biyun suke a kan ɓawo biyu, ba su ne sakamakon gwajin ba, amma da an rubuta hakan a ƙarƙashinsu da an huta.

Ga abin da Bernard Kettlewell ya yi. A 1953 ya je wani daji kusa da Birmingham inda itatuwa suka yi baƙi, ya ɗiga wa ƙwarin fenti a ƙarƙashin fiffike, ya sake su, da dare ya kafa tarkon fitila da tarkon mata ya ga nawa za su dawo. Kason baƙaƙen da suka dawo ya ninka na fararen. A 1955 ya maimaita a wani daji mai tsabta a Dorset, sakamakon ya juye, fararen ne suka fi dawowa. Masanin ɗabi'un dabbobi Niko Tinbergen ya bi shi da kyamara ya ɗauki tsuntsayen suna tsinta, domin kafin nan akwai masana tsuntsaye da ke musun cewa tsuntsu na cin irin waɗannan ƙwarin a jikin itace.

Kurakuran da ka lissafa kuwa, masana fannin ne da kansu suka fara fito da su. Michael Majerus na Jami'ar Cambridge ya jera su a 1998: an saki da yawa a wuri ɗaya, an saki da rana, an haɗa na kiwo da na daji. 'Yan jarida suka ɗauka suka ƙara gishiri, har a 2002 aka buga littafin da ke nuna kamar Kettlewell maguɗi ya yi, zargin da masu binciken tarihin aikin suka duba ba su samu hujjarsa ba. Shi Majerus bai tsaya cacar baki ba. Daga 2001 zuwa 2007 ya sake gwajin a lambunsa kusa da Cambridge, yana toshe kowace kafa. Da yamma zai sa ƙwaro ɗaya cikin raga da ya zagaye reshe da ita, ƙwaron ya zaɓi wurin kwanansa da kansa, kafin fitowar rana ya cire ragar, ya zauna yana kallo. Guda 4,864 ya saki. Tsuntsaye iri 9 ya gani suna ci, kuma a wannan iskar mai tsabta baƙaƙen suka fi tsinta, da ratar wajen kashi 9 cikin 100 a kowace rana. Ya rasu a 2009 bai buga ba, abokan aikinsa suka fitar da sakamakon a 2012.

Baba Lawal
Maganar wurin kwanan fa? Ka tsallake ta.

Dakta Bashir
Ban tsallake ba Baba, ina zuwa. Cikin waɗannan shekarun ya riƙa hawa itatuwa yana neman na daji inda suka kwana da kansu, ya samu 135. Fiye da rabi a jikin manyan rassa, galibi ta ƙarƙashi. Wajen kashi ɗaya cikin uku a jikin kututturen. Sauran a ƙananan rassa. Wato masu cewa ba ya kwana a kututture sun wuce gona da iri, masu cewa a nan kaɗai yake kwana su ma haka. Kuma tsuntsu bai san wannan bambancin ba, ƙarƙashin reshe ma yana leƙawa.

Musa Dogo
Ni tambayata jemage. Abu mai yawon dare ai jemage ne babban maƙiyinsa, me ya sa ake ta ɗora wa tsuntsu laifi?

Malama Hauwa
Jemage na cinsu sosai Musa, amma da kunne yake farauta, amsa-kuwwar kukansa yake bi, launi bai dame shi ba. Majerus ya gwada wannan ma, ya riƙa sakin fari da baƙi inda jemagu ke kiwo, suka ci ba tare da fifita wani ba. Wanda ke ci ba zaɓe yana rage yawa ne kawai, ba ya sauya kason fari da baƙi.

Ni inda nake so mu dakata shi ne taswira, don a ganina a nan daɗin labarin yake, kuma a nan littattafan makaranta suka fi yin rowa. Jinsin yana da faɗin mazauni: kusan duk Turai, ya ratsa Rasha da Mongoliya da Sin har Koriya da Japan, sannan Amurka ta Arewa tana da nata reshen da ake kira cognataria. Amma baƙin, carbonaria, bai bi shi ko'ina ba. Binciken da Kettlewell ya tattara a shekarun 1950 ya nuna ya mamaye tsakiyar Ingila da arewa maso yamma da kewayen Landan, ya yi ƙaranci ko babu shi sam a Cornwall da Devon da arewacin Sikotland. Daga Liverpool in ka nufi yamma cikin ƙauyukan arewacin Wales, J. A. Bishop ya nuna a 1972 cewa kason baƙin yana gangarowa daga wajen kashi 90 zuwa ƙasa da kashi 10 cikin tafiyar kilomita 50 ko makamancin haka. Ba katsewa yake yi farat ɗaya ba, a hankali yake zubewa, saboda mazan na ƙetare iyaka kowane dare suna kai gadonsu gaba.

Sai kuma wurin da ya ƙi bin layi: East Anglia, a gabashin Ingila. Ƙasar noma ce, ba masana'antu, amma baƙaƙe suka yi rinjaye a can.

Baba Lawal
Yawwa! Kin ga irin abin da nake faɗa. Ba masana'anta, ga baƙi. To ina hayaƙin?

Malama Hauwa
Yana sama Baba. Iskar da ta fi kaɗawa a Birtaniya daga kudu maso yamma take zuwa, tana kwashe hayaƙin Landan da na tsakiyar ƙasar ta kai shi gabas. Shi ya sa Dorset da Cornwall, da ke bayan iskar, suka tsira, East Anglia da ke gabanta ta sha. Kuma ba hayaƙi kaɗai iskar ke ɗauka ba. Tsutsar in ta ƙyanƙyashe ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai ta saki zaren siliki ta rataya, iska ta yi gaba da ita. Don haka 'ya'yan baƙaƙen birni na iya sauka a dajin da ke nesa da inda aka haife su.

Dakta Bashir
Na yarda da Malama, kuma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ma ba gwajin kowa ba ce, dawowar farin ce. Bayan hazon hayaƙin da ya rufe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubban mutane, majalisa ta yi dokar tsabtace iska a 1956. Cyril Clarke ya fara kafa tarko a gidansa a Caldy, kusa da Liverpool, a 1959, ya ci gaba shekara da shekaru. A farko baƙaƙe sun haura kashi 90. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 sun faɗo ƙasa da kashi 20. A ƙetaren teku kuma, a jihar Michigan kusa da Detroit, Denis Owen ya samu wajen kashi 90 baƙaƙe a farkon shekarun 1960, da Bruce Grant ya koma wurin a shekarun 1990 ya tarar sun sauka ƙasa da kashi 20. Nahiya biyu, ba wanda ya haɗa baki da wani, hawa ɗaya, sauka ɗaya, kuma saukar duk bayan an rage hayaƙi a iska.

Malama Hauwa
Amma Dakta ka faɗi sauran. A Caldy da Michigan ɗin duka, farin ya fara dawowa ba tare da an ga gansakukar ta dawo ta rufe itatuwa ba. Wannan ne ya sa ni ba na son yadda ake koyar da labarin kamar gansakuka ce komai. Ɓawon ya yi haske ne kawai da kunkunniya ta ragu, kuma itacen Betula, wanda daga sunansa ƙwaron ya samo nasa, dama farin ɓawo gare shi. A ganina hasken shimfiɗar ne abin dubawa, ko da gansakuka ko babu.

Dakta Bashir
Ba zan kore gansakuka gaba ɗaya ba Malama. Tsuntsu na ganin wani haske da idonmu ba ya gani, wanda ke gaba da shuɗi. A ƙarƙashin wannan hasken, farin yana sajewa da gansakuka mai manne wa ɓawo kamar fenti, irin wadda ke fitowa a ƙarƙashin rassa, inda aka fi samun ƙwaron. Mai tsayawa a ƙasa yana duban kututture ba lallai ya lura da ita ba.

Malama Hauwa
To mu bar shi a haka, kowa ya riƙe nasa. Tsuntsun dai mun haɗu a kansa.

Zainab M.
Ku ba ni dama in sako tsutsar, don ni ita ta fi burge ni a kan uwar. Ba ta da ƙafafu a tsakiyar jiki, sai gaba da baya, don haka tafiyarta kamar mai awo da taƙi ce: ta jawo baya ya haɗu da gaba, ta lanƙwashe, ta miƙe. In ta ji motsi sai ta kama reshe da ƙafafun baya, ta sandare a karkace, ta zama tsinke. Kanta ma a tsage yake kamar inda tsinke ya karye. Ba ta da tsirfa wajen ci, ganyen itatuwa iri-iri take ci, kuma launinta na bin reshen da take kai, kore a kan kore, ruwan ƙasa a kan ruwan ƙasa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne gwajin da masu bincike na Jami'ar Liverpool suka buga a 2019. Sun shafe idanun tsutsotsin da baƙin fenti, suka ɗora su a kan sanduna masu launi daban-daban. Duk da makantar, suka rikiɗe zuwa launin sandar da suke kai. Da fata suke jin launin. Ga uwa da ba ta iya sauya ko ɗigo ɗaya a fiffikenta, ga 'ya da ke sauya riga ido a rufe.

Aminu S.
Ikon Allah. To Anti Zainab, baƙar tsutsa ce ke zama baƙin babba?

Zainab M.
A'a, ba ruwan wannan da wancan. Launin tsutsa reshe ne ke sa shi, na babba kuwa gado ne. Koriyar tsutsa na iya fitowa baƙi ƙirin.

Baba Lawal
Na ji duka, kuma na karɓi maganar Majerus, mutumin ya yi aiki. Amma bari in faɗi abin da ke raina. Fari ya koma baƙi, baƙi ya dawo fari. Ƙwaron nan dai shi ne, bai zama wani abu dabam ba. Me ya sa ake ta kururuta shi?

Dakta Bashir
Shi ne Baba, ba wanda ya ce an samu sabon jinsi, fari da baƙi suna barbarar juna lafiya lau. Abin da aka auna shi ne yadda kason wani gado ke hawa da sauka a cikin al'umma guda idan muhalli ya sauya, da kuma saurin da yake yi. Kafin wannan ana ɗauka irin wannan sauyin sai dubban shekaru. A nan mutum ɗaya ya iya ganinsa cikin rayuwarsa, da alƙaluma a hannu.

Kuma yanzu an san inda abin yake a jiki. A 2016 ƙungiyar Ilik Saccheri a Liverpool ta gano cewa wani guntun DNA mai tsalle daga wuri zuwa wuri, tsawonsa haruffa kusan 22,000, shi ne ya faɗa cikin wata ƙwayar gado da ake kira cortex. Da suka bi sawunsa baya, lissafi ya kai su wajajen 1819. Wato sau ɗaya abin ya faru, a jikin ƙwaro ɗaya, kimanin shekara 30 kafin Edleston ya kama nasa, kuma kusan duk baƙaƙen Birtaniya jikokinsa ne. Ita cortex ɗin kuma tana cikin masu tsara zanen fukafukan malam-buɗe-littafin Heliconius na Kudancin Amurka.

Musa Dogo
Ke nan hayaƙin ne ya sa guntun ya yi tsalle?

Malama Hauwa
Babu hujjar haka Musa. Irin wannan tsallen na faruwa a jikin halittu da hayaƙi da babu. Da a daji mai tsabta ya faru, da tsuntsu ya cinye mai shi labari ya ƙare. Sa'a ya ci, ya faɗo a lokacin da itatuwa ke baƙi. Ka dubi Japan: jinsin yana can, masana'antu suna can, amma binciken da Asami da Grant suka buga a 1995 bai samu baƙi ba. Tsuntsu yana zaɓe ne cikin abin da ke gabansa, ba ya ƙirƙiro launin da babu.

Akwai ma na tsaka-tsaki da ba mu ambata ba, insularia, mai duhu amma da sauran yayyafin fari. Shi ya fi yawa a wasu sassan kudancin Wales da kwarin kogin Severn, kuma nasa gadon dabam ne da na carbonaria, ba haɗin fari da baƙi ba ne kamar yadda ido zai ɗauka.

Aminu S.
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Baƙin zai ɓace gaba ɗaya ne, ko zai ɓuya ya jira wani hayaƙin?

Dakta Bashir
Ɓuyan ne ba zai iya ba. Rinjayen da ya taimake shi hawa shi ne ke cinsa yanzu. Gado mai rauni yana iya laɓewa a jikin da bai nuna shi ba, ya yi zuriya da zuriya tsuntsu bai san da shi ba. Haka farin ya tsira a Manchester lokacin da ya rage kashi 2, yana ɓoye a jikin baƙaƙe. Shi kuwa baƙin, duk mai ɗauke da shi a fiffike yake nuna shi. A lambun Majerus ya sauko daga wajen kashi 12 a 2001 zuwa kusan kashi 1 a ƙarshen gwajin, kuma a yawancin Birtaniya yau masu kafa tarkon fitila sai su shafe shekara guda ba su gan shi ba.

Baba Lawal
To madalla. Amma Malama Hauwa, maganar East Anglia ban gama gamsuwa ba. In iska ce ta kai tsutsa, a nuna min nisan da tsutsa ke yi a kan zare. Ki turo min wannan binciken na Bishop in karanta da kaina.

Malama Hauwa
Zan turo Baba. Amma shi Wales ya auna, kuma mazan da ke tashi ya bi, ba tsutsa ba. Zan haɗa maka da taswirar Kettlewell, ka ɗora ta a kan ta iska ka gani.